Ranar da Tela Ya Yi Tafiya da Baya

Da hantsi Tela ya gama haɗa agogon, a ranar da ƙanwarsa Auta za ta tafi makarantar koyon jinya. Ya mayar da murfin baya, ya murɗa ɗan kan da ke gefe ya yi masa wani a hankali, ya kai shi kunne. Cak-cak-cak-cak. Ya janye ya kalle shi, ya sake kai shi ɗaya kunnen, wai ko na farkon ƙarya ya yi masa. Yana nan yana yi. Sai Tela ya miƙe a tsakiyar shago, tef a wuya, ɗan madubin gyara maƙale a ido ɗaya, ya taka wata rawa wadda shi kansa bai san ya iya ta ba, har ya yi fatali da kwandon ƙyallaye.

Shi fa ɗinki ne sana'arsa, da shi yake ci yake sha. Gyaran agogo kuwa son rai ne kawai ya kama shi, irin kamun nan da ba a sanin ranar da ya fara. A lungun shago, bayan keken ɗinki, ya kafa ɗan tebur ya shimfiɗa masa farin ƙyalle. Nan yake zama in aiki ya lafa, ya jingina waya da gwangwanin maɓallai yana kallon yadda masu yi suke yi, ya buɗe tsofaffin agogo marasa batir, irin na wani, da yake tsintowa wajen masu kayan gwanjo. Durowar teburin cike take da su. Wasu sun tashi na rabin yini sun koma, wasu ko motsi ba su yi ba. Auta ta sa wa durowar suna maƙabarta, sunan kuma ya bi ta har Inna, mahaifiyarsu, ma haka take cewa.

Amma wannan agogon ba na gwanjo ba ne. Na marigayiya Gwaggo ne, wadda ta yi aikin asibiti har ta tsufa. Ɗan ƙarami ne, mai sarƙa da fil, irin wanda ake maƙalawa a ƙirji ya rataya kai a ƙasa, don mai shi ta ɗaga ta duba. Makaranta ta ce kowace ɗaliba ta zo da agogo mai hannun sakan, saboda ba a shiga ɗakin majinyata da waya. Auta ta ce ba komai, za ta sayi na roba mai batir a tasha.

"Na roba?" in ji Tela a ranar. "Ƙanwata? Ina raye, ga na Gwaggo a gwangwani?"

"Yaya, na Gwaggo ya daɗe da bin Gwaggo."

"Barci yake yi. Ba ni shi."

Ta ba shi, amma da sharaɗi. "In ya tashi kafin mota ta tashi, da shi zan tafi. In bai tashi ba, ka haɗa shi da 'yan uwansa, ni kuma in sayi robata, kada in ji kada in gani."

Tela ya amsa da ƙarfin zuciya, don a 'yan makonnin nan hannunsa ya faɗa, ko dai haka ya ɗauka. Da, 'yan notin agogo, waɗanda ba su kai ƙwayar yashi biyu ba, da ya taɓa su sai su yi tsalle su ɓace. Yanzu kuwa da ya miƙa sukudireba sai noti ya taso da kansa ya manne a bakinta. Ya miƙa hantsaki, haka. Har ya je gida ya gaya wa Inna, yana murmushi shi kaɗai, wai 'yan noti sun fara saninsa.

Ba saninsa suka yi ba. A gefen keken ɗinkinsa akwai wani baƙin maganaɗisu mai rami a tsakiya, wanda aka ciro daga tsohuwar lasifika. Kowane tela ya san amfaninsa: in allurai da fil suka zube, sai a bi ƙasa da shi ya tsince su tas. To da noti ya faɗi, me Tela zai ɗauko in ba shi ba? Ya bi ƙasa da shi, ya ciro notin, ya mayar cikin agogo. Da ya ga abin ya yi kyau, sai ya dawo da maganaɗisun kan teburin gyara, ya rinƙa manna masa hantsaki da sukudirebobi in ya tashi aiki, suna tsaye ƙyam, ba mai gangarawa. Yakan tsaya ya kalle su ya ji daɗin tsarinsa. Kayan cikin agogon Gwaggo ma a gindinsa suka kwana, cikin murfin kwalba.

Ya naɗe agogon a ƙyalle ya nufi gida a guje, bai ko rufe shago ba.

Ya tarar da Inna zaune a kan akwatin Auta, Auta tana fama da zif. Ya durƙusa a gabansu ya buɗe ƙyallen, yana haki, bakinsa ya ƙi rufuwa.

"Saurara," ya ce. "Inna, ku saurara."

Auta ta kai kunne. Idonta ya buɗe. "La! Yaya! Wallahi yana yi!"

"To da ƙarya zan yi miki?"

"Inna, maƙabarta ta yi tashin farko!"

Ta maƙala shi a ƙirjin rigarta, ta gyara tsayuwa, ta ɗaure fuska irin ta manyan ma'aikata. "Baiwar Allah, miƙo hannunki." Inna ta miƙa tana dariya. Auta ta ɗora yatsu biyu a wuyan hannun, ta ɗaga agogo, leɓenta na motsi. Da hannun sakan ya zagayo sai ta yamutse fuska. Ta sake. Ta ƙara yamutsewa.

"Inna, kina jin jiri?"

"Jirin me?"

"Ganinki ba ya yin duhu-duhu? Bugun jininki ya yi ƙasa sosai."

"Ke, ni da na gama da burodi guda da shayi yanzun nan, na kuma danne akwatin nan ni kaɗai? Tun ba ki shiga aji ba za ki kashe ni?"

Auta ta saki hannun Inna ta cafko na Tela. Ta ƙirga. Ta ɗago ta dube shi, gumi na zuba a goshinsa, ƙirjinsa na sama da ƙasa.

"Kai kuma da ka zo a guje, naka daidai yake, kamar mai barcin rana."

Su uku suka sunkuya a kan agogon. Sai yanzu Tela ya lura da hannun sakan. Gudu yake yi, gudun wanda aka biyo. Ya ɗaga kai ya dubi agogon bango. Da shi da na shago a jere suke tafiya kullum, kuma da na shago ya saita na Gwaggo ɗazun nan, amma ga shi har ya ba su rata mai yawa.

"Af," in ji Inna, tana goge hawayen dariya da bakin mayafi. "Ai ya fi ki son tafiyar. Ina jin shi har ya isa makaranta ya kama gado."

Tela ma ya yi dariya, don ba yadda za a yi ya ƙi. Motar Auta bayan azahar za ta tashi. Ya karɓi agogon ya koma shago, Auta na biye da shi tana cewa ya bi a hankali kada agogon ya riga shi.

Ya buɗe bayan, ya maƙala madubi a ido. A cikin agogon wani akwai ɗan zobe mai kaiwa da komowa, a tsakiyarsa kuma wata siririyar waya a naɗe kamar katantanwa, wadda ba ta kai kaurin gashi ba. Shi gashi yake ce mata. Ita ke riƙe da lokaci. To ga gashin nan ya cure gefe guda, zagayensa sun manne wa juna, saura ɗan guntu ke aiki, shi ya sa zoben yake karkarwa kamar mai jin sanyi.

"Ƙura ce," ya ce. "Ko mai ya yi yawa. Bari in raba su."

Ya ciro hantsaki daga jikin maganaɗisu ya miƙa. Bai kai ga taɓawa ba, gashin ya taso ya manne wa bakin hantsakin. Tela ya daskare. Ya ja kaɗan, gashin ya biyo. Ya ɗauke numfashi ya murɗa hannu a hankali har ya samu ya saki.

"Shi ma ya san ka," in ji Auta a bayan kunnensa.

"Auta, don Allah."

"Yi haƙuri, Yaya." Amma kafaɗunta na rawa don dariya.

Ana haka sai ga Mai Rediyo ya shigo da wando a hannu, yana so a rage masa tsawo. Dattijo ne, shagonsa na kallon na Tela, shi ke gyaran rediyo da talabijin a layin tun Tela yana rarrafe. Komai nasa a hankali yake yi, har atishawa. Ya leƙa teburin, ya ga agogo a buɗe, ya ga sukudirebobi sun yi cirko-cirko a kan baƙin ƙarfe. Ya ajiye wandon. Sannan dariya ta fara taso masa daga ciki, a hankali ita ma, har ta kai shi ya dafa keken ɗinki yana tari.

"Ɗana," ya ce, "wannan ba shi ne na ciro maka daga lasifika ba?"

"Shi ne, Baba."

"Don allura na ba ka."

"Ai yana tsintar noti ma, Baba. Ba ka ga yadda..."

"Na gani. Na gani." Ya share ido. "Ƙarfen da ya kwana jikin wannan, halinsa yake ɗauka. Shi kuma duk wanda ya taɓa ya shafa masa. Ka shafa wa hantsaki, hantsaki ya shafa wa noti, noti ya shafa wa agogo. Gidan gaba ɗaya ya kamu."

Tela ya dubi kayan aikinsa da ya daɗe yana alfahari da tsayuwarsu. "To in wanke shi da fetur?"

"Ba datti ba ne."

"In gasa shi a wuta?"

"Agogon Gwaggonku? Kwaso komai ku biyo ni. Ban da baƙin nan. Shi bar shi inda yake."

Shagon Mai Rediyo duhu-duhu ne, yana warin dalma da tsohuwar ƙura. Talabijin masu ƙaton ƙeya sun hau kan juna har rufi. Ya ja kujera ya taka, ya sauko da wani ƙaton zobe na waya da aka naɗe da baƙin salatif, girmansa kamar sitiyarin mota, da doguwar igiyar wuta da maɓalli a jiki. Ya ce da shi suke gyara tsofaffin talabijin in launinsu ya rikice, fuskar mai labarai ta koma kore.

"Ga yadda ake yi. Ni zan danna. Kai ka sa abin a tsakiya, ka juya shi, sannan ka janye a hankali. A hankali fa. Ka yi ta ja da baya har ka yi nisa, sannan in saki. In na saki kana kusa, ciwon ƙaruwa zai yi. Kuma zoben nan zafi yake ɗauka, ba na iya riƙe shi har gobe. Fara da sukudireba."

Ya danna. Zoben ya ɗauki gurnani, zuuuu. Tela ya zura sukudireba, ta kama rawa a hannunsa kamar an saka mata rai.

"Wayyo! Ya isa, Baba!"

Ihun ya firgita dattijo, yatsansa ya saki maɓalli. Auta ta zare 'yan fil daga bakin rigar yayanta ta zuba a kan tebur. Tela ya kai sukudirebar. Da, ɗaya ko biyu take ɗauka. Yanzu ta kwashe su duka, suna lilo a bakinta.

"Ta yi gemu," in ji Auta, ta zauna a kan wata talabijin tana riƙe ciki.

Na biyu ma bai yiwu ba, don da zoben ya fara gurnani sai Auta ta kwaikwayi ihunsa da ƙaramar murya, dariya ta ƙwace wa Tela, ita ma ta kama Mai Rediyo, yatsa ya sake zamewa. Dattijo ya kore ta bakin ƙofa, ya ce ta juya musu baya. A na uku Tela ya cije leɓe, ya ja da baya har ya kai ƙofa. Ya dawo ya miƙa sukudirebar kan fil. Ko ɗaya bai motsa ba. Ya taɓa su, ya tura su, ba ruwansu da shi.

"Sun manta ni," ya ce, da 'yar murya.

"Haka ake so," in ji Mai Rediyo. "Kawo sauran."

Suka bi hantsaki da sauran kayan ɗaya bayan ɗaya. Kafin su gama, zoben ya yi zafi har dattijo ya naɗe hannu da tsumma, salatif ya fara wari. Rana kuma ta take tsaka ta fara karkata.

"Saura agogo," ya ce. "Sau ɗaya zan iya. Bayan haka sai ya huce, kuma kafin ya huce yarinyar nan ta yi nisa."

Tela ya ɗauki agogon a tafin hannu biyu. Ga tsoro, ga ragowar dariya da ta ƙi fita. Ya ja numfashi, dariyar ta sake taso masa ta hanci.

Auta ta juyo daga bakin ƙofa. Wannan karon ba ta yi tsiya ba. "Yaya," ta ce, "ka tuna yadda kake sa almakashi a yadin mutane mai tsada? Ko ana kiranka ba ka ji. To yadi ne."

Ya dube ta. Ya gyaɗa kai. Kafaɗunsa suka sauka.

Zuuuu. Ya sa agogon a tsakiyar zoben, ya juya shi dama, ya juya shi hagu, ya kifa shi. Sannan ya fara ja da baya, ƙafa bayan ƙafa, hannuwa a miƙe, ido a kan agogon. Ya wuce tebur. Ya wuce tulin talabijin. Auta ta kauce masa a ƙofa. Dugadugansa suka laluɓi matakala suka sauka.

Mai Rediyo ya saki maɓalli ya ce, "To, ya yi." Amma Auta ta faɗi gaskiya, in Tela ya sa almakashi ko ana kiransa ba ya ji. Ya ci gaba da tafiya da baya, ya shiga titi. Mai shayi ya yi maza ya janye bencinsa. Wani mai babur ya taka birki ya buɗe baki zai yi zagi, ya ga fuskar Tela, sai ya fasa ya tsaya kallo. Masu shaguna suka fito. Wata mai sayar da lemo ta tambayi ko wani ne ya rasu.

"Yaya! Ya isa! Baba ya kashe tun ɗazu!"

Bai tsaya ba sai da bayansa ya daki wani abu mai tauri. Akwatin Auta ne, a cikin baron wani mai ɗaukar kaya, Inna na gefe da jaka a hannu.

"Kai kuma lafiya?" in ji Inna. "Duniya na gaba kana baya?"

A nan tsakiyar titi ya buɗe murfin da farce, ya maƙala madubi. Gashin ya warware. Zagayensa sun rabu, kowanne a mazauninsa, suna buɗewa suna rufewa kamar ƙirjin jariri mai barci. Ya kai kunne. Cak. Cak. Cak. Ba mai korar sa.

Ya saita shi da waya, suka kama hanyar tasha. Duk tafiyar idonsa na kan hannun sakan, ɗaya idon na kan waya, har ya kusa faɗawa kwata. Kamar dai tare suke tafiya. Amma ɗan wannan lokacin ba gwaji ba ne, shi ma ya sani. Maƙabarta cike take da waɗanda suka yi kyau na rabin yini.

A tasha, wani mai sayar da agogon roba ya zo ya kaɗa musu su a jikin kwali, ja da kore da ruwan hoda. Auta ta dube su. Tela ya ga inda idonta yake.

"Saya, Auta," ya ce. "Ban gwada shi ya wuni ba. Kada ki je ki kashe musu majinyata kamar yadda kika kashe Inna."

Ta karɓi na Gwaggo daga hannunsa ta maƙala a ƙirji. "Hanya doguwa ce, ta ishe shi gwaji. In na sauka zan kira ka. In ya yi gudu, can ma akwai kasuwa."

Mota ta tashi. Inna ta yi ta ɗaga hannu har ta sha kwana, sannan ta ce wani abu ne ya faɗa mata a ido.

Yammacin nan Tela bai yi aikin kirki ba. Ya ɗauke baƙin maganaɗisu ya rataye shi a ƙusa can bakin ƙofa, nesa da teburin gyara. Ya rage wa wandon Mai Rediyo ƙafa ɗaya sau biyu. Ya ɗinke bakin aljihun wata riga ruf, ya zauna yana farkewa. Waya na gabansa a kan keke, ya duba ta, ya duba ko tana da caji, ya sake dubawa.

Rana ta kusa faɗuwa wani mutum mai jiki ya shigo awon riga. Tela ya ce ya buɗe hannuwa, ya zagaya masa tef a ciki. Daidai nan waya ta yi ƙara. Ya cafke ta da hannu ɗaya, ya maƙale ta a kafaɗa, bai saki tef ba.

"Yaya, na sauka lafiya. Ƙarfe nawa a wajenka?"

Ya ɗaga ido ga agogon bango. "Ke fara faɗa."

"A'a, kai fara."

"In na faɗa za ki ce naki ma haka, don kada in ji kunya."

"In na faɗa kai ma haka za ka yi. To mu faɗa tare. Har minti. Ɗaya, biyu..."

Suka faɗa tare. Bakinsu ya zo ɗaya, har minti.

Sai ihun Auta ya cika wayar. Tela bai san lokacin da ya saki tef ya rungume mutumin da ke gabansa ba, ya ƙanƙame shi da ciki da komai, yana dariya a kafaɗarsa.

Mutumin na tsaye, hannuwa a buɗe har yanzu. Ya jira kaɗan, sannan ya yi gyaran murya.

"Malam tela," ya ce, "wannan ma cikin awon ne?"